Sa Hannun Injiniya Amana Ce: Tambayoyi da Amsoshi ga Ɗalibai da Sababbin Injiniyoyi

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban injiniya da waɗanda suka kammala karatu kwanan nan suka fi yawan yi a kan ɗa'ar aiki. Mafi yawan misalan daga aikin gini suke, domin a nan ne ha'inci ya fi saurin kashe mutane, amma hukuncin ya shafi kowane fanni. Inda muka ce "kai", da ke ma muke.

Mene ne ɗa'ar aikin injiniya? Ba gaskiya da riƙon amanar da kowa ya sani ba ne?

Su ne, amma da ƙari. Tela in ya ɓata ɗinki, mai kaya zai gani ya dawo da shi. Wanda ya kwanta a ƙarƙashin dekin ba ya iya ganin rodin da ke ciki, mai tuƙa tirela a kan gada bai san ko an gwada ƙasar da aka kafa ginshiƙanta ba. Sun dogara ne da lissafin wani mutum da ba su taɓa gani ba. Shi ya sa ƙa'idojin ƙungiyoyin injiniyoyi suke sa lafiya da ran jama'a a gaba da komai: gaba da mai aikin da ya biya ka, gaba da kamfanin da ya ɗauke ka, gaba da aljihunka. Sauran ƙa'idojin daga nan suka tsiro: kada ka karɓi aikin da ba ka iya ba, kada ka sa hannu a abin da ba ka duba ba, kada ka ƙirƙiro alƙaluma, kada ka ci ta gefe biyu.

Ni ɗalibi ne, ban fara sa hannu a komai ba. Ina ruwana da wannan tun yanzu?

Ka riga ka fara. Rahoton gwajin da ka miƙa a ɗakin gwaje-gwaje da sunanka a kai, sa hannu ne.

Ga yadda abin yake farawa. An ba ku gwaji, sakamakon ya ƙi dacewa da abin da littafi ya ce, sai wani a cikin rukuni ya ce a ɗan gyara alƙaluman don layin ya miƙe. Ko kuma a kwafo rahoton 'yan bara. Abin da ya dace shi ne ka rubuta abin da na'ura ta nuna, ka bayyana dalilin da kake zaton ya kawo bambancin: ma'aunin bai daidaita ba, samfurin bai bushe ba, an karanta awo a karkace. Malamin kirki ya fi ba wa irin wannan rahoto maki, kuma aikin injiniya na gaske ke nan. Hannun da ya saba gyara sakamakon gwaji a aji uku, shi ne zai gyara sakamakon gwajin kankare bayan shekara goma, a lokacin da akwai miliyoyin naira a kan tebur. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Haka batun SIWES, horon sanin makamar aiki da hukumar ITF ta fara a 1973, wanda ɗaliban injiniya kan yi na wata shida a aji huɗu. Zama a gida, sannan a cika littafin rahoto a dare ɗaya a samo hatimi, ƙarya ce mai sa hannu. Asarar kuma taka ce, domin a waɗannan watannin ne kaɗai za ka tsaya kusa da birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi ka yi tambayar jahilci ba wanda ya yi maka dariya. Sayen firojet na aji biyar ba ya ma buƙatar bayani.

Amfani da manhajar lissafi ko ƙirƙirarriyar basira ha'inci ne?

A'a, muddin makarantarka ta yarda kuma ka faɗi cewa ka yi amfani da su. Ha'incin yana wurin miƙa abin da ba za ka iya karewa ba. Manhajar lissafin gini ta STAAD Pro da ire-irenta suna lissafa abin da ka ba su ne kawai. In ka shigar da nauyi ba daidai ba, za su fitar maka da amsar banza cikin tsari mai kyau. ChatGPT kuwa yakan kawo lambar ƙa'ida ko sunan takardar da babu su a duniya.

Ka saba da gwada amsa da hannu. Mita ɗaya mai murabba'i ta dekin mai kaurin milimita 150 tana da nauyin kusan kilo 360 ita kaɗai, kafin a sa tayil ko mutum ya taka. Tankin ruwa mai lita 2,000 tan biyu ne in ya cika. Wanda yake riƙe da irin waɗannan alƙaluma a ka, da ya kalli abin da kwamfuta ta fitar zai san ko akwai hankali a ciki.

Wa doka ta yarda ya kira kansa injiniya a Najeriya?

Wanda hukumar COREN ta yi wa rajista. An kafa ta da doka mai lamba 55 ta 1970, ita ke tantance kwasa-kwasan injiniya a jami'o'i, ita ke ba da lambar rajista da hatimi, kuma tana da ikon ladabtarwa har da soke suna. Digiri kaɗai bai isa ba. Sai ka yi aƙalla shekara huɗu kana aiki bayan kammalawa, a ƙarƙashin waɗanda suka riga ka, sannan ka gabatar da rahoton ayyukanka a yi maka tambayoyi. Ƙungiyar NSE, wadda aka kafa a 1958, ƙungiyar 'yan sana'a ce, shigarta ba ta maye gurbin rajista.

A unguwa za a fara ce maka Injiniya tun kana aji biyu, wannan ƙauna ce. Amma buga laƙabin a kati ko a kan zane kafin rajista laifi ne. Ka kuma bincika tun da wuri ko COREN ta tantance kwas ɗin da kake yi.

An kawo mini zane wanda wani ya yi, in buga hatimi kawai a biya ni. Mene ne aibin?

Aibin shi ne hatimin yana cewa "na duba, na lamunta", kai kuwa ba ka duba ba. Wannan ciniki ya yaɗu: mai gini ya sa wani ya zana masa da arha, sai a nemo mai rajista ya buga hatimi don hukumar tsara birane ta amince. Ranar da ginin ya faɗi, sunan da ke kan takarda za a nema.

Ko da kai ka yi zanen, sauyin da aka kawo daga baya yana buƙatar sabon lissafi. A ranar 17 ga Yuli 1981, a otal ɗin Hyatt Regency da ke Kansas City a Amurka, wasu barandun tafiya biyu da aka rataye a saman zaure suka rufto kan mutane, 114 suka mutu. A zanen farko, sandar ƙarfe ɗaya ce doguwa za ta sauko daga rufi ta ratsa barandar sama ta kai ga ta ƙasa, kowace baranda tana zaune a kan nata noti. Masu ƙera ƙarfen suka ga haɗa wannan zai yi wuya, suka raba sandar biyu: ɗaya ta riƙe barandar sama, ɗaya kuma ta rataye ta ƙasa a jikin ta sama. Ka ɗauka guga biyu ne cike da ruwa. Ɗaura kowanne a jikin igiya daban ne da rataye na biyu a mariƙin na farko. Nauyin da ke kan mahaɗin sama ya ninka. Zanen da aka sauya ya bi ta ofishin injiniyoyin aka amince da shi ba tare da an sake lissafi ba, lissafin da ɗalibin aji biyu zai iya yi a bayan ambulan. An ƙwace lasisin injiniyoyi biyu da ke da alhakin aikin.

In za ka karɓi zanen wani, ka karɓe shi a matsayin aikin dubawa: ka nemi rahoton gwajin ƙasa, ka sake lissafin nauyi, ka bi fandisho da ginshiƙai da dekin ɗaya bayan ɗaya, ka caji kuɗin wannan wahalar. In mai aikin ya ce ba shi da lokacin haka, mayar masa da takardunsa.

A wurin gini, ta ina ha'inci ya fi shigowa, kuma yaya zan gane shi?

Ta siminti da rodi da ruwa da gaggawa.

Siminti. Buhu mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne. Haɗin 1:2:4 yana nufin buhu ɗaya, kwano huɗu na yashi, kwano takwas na tsakuwa, kuma kowace mita mai kubik tana cin buhu shida da ɗoriya. In ka juya baya, huɗun nan sai ta koma shida. Saboda haka ka lissafa buhunan da aikin ranar zai ci tun kafin a fara, ka ƙirga buhunan da aka farke bayan an gama. Ka duba rubutun jikin buhu, domin mai lamba 32.5 da mai 42.5 ba ƙarfinsu ɗaya ba. Simintin da ya daskare ya yi dunƙule ba na ginshiƙi ba ne.

Rodi. A nan ne mutane suke ruɗuwa, saboda suna ganin bambancin milimita kaɗan ba komai ba ne. Ƙarfin rodi yana bin faɗin bakinsa ne. Mai milimita 16 yana da faɗin baki milimita mai murabba'i 201, mai 12 yana da 113, mai 10 yana da kusan 79. Wanda ya sa 12 a gurbin 16 ya zubar da kusan rabin ƙarfen da aka lissafa. Akwai kuma rodin da ake sayarwa da sunan 12 alhali bai kai ba. Awo da ido ba ya kama shi, sikeli ke kama shi: mita ɗaya ta rodi mai milimita 12 ya kamata ta kai kusan giram 890, cikakken tsayi na mita 12 kuma kilo goma da rabi da ɗan ɗoriya. Ka yanki mita ɗaya ka auna. A babban aiki, ka aika samfuri a ja shi a ɗakin gwaji. Kafin a zuba kankare, ka ƙirga sandunan, ka auna tazararsu, ka tabbata an sa abin da zai ɗaga su daga katako don kankare ya lulluɓe su da kimanin milimita 25 a dekin, 50 a fandisho. Rodin da ya kwanta a kan katako zai yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Ka ɗauki hoto, domin da an zuba, shaida ta binne.

Ruwa. Leburori suna son haɗi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin kwasa da zubawa, kuma ba mugunta ce ta sa su ba, rana ce da gajiya. Amma ruwan da ya wuce kimanin lita 25 a buhu yana barin ƙananan ramuka a cikin kankare bayan ya bushe, ƙarfinsa ya ragu. Abin mamaki, ruwan da ake zubawa fiye da kima a wajen haɗi shi ake rowarsa bayan an zuba. Kankare yana buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana bakwai, balle a zafin Maris da Afrilu ko a iskar hunturu mai busar da komai.

Gaggawa. Cire katakon da ke tallafe da dekin bayan mako ɗaya don a kai shi wani aikin, ko ɗora bulo a kan dekin da bai yi ƙwari ba, ko ƙara hawa biyu a kan fandishon da aka lissafa wa hawa biyu kacal.

Mai raba gardama shi ne gwajin kubik. A ɗebi kankare daga wanda ake zubawa, ba wanda aka haɗa na musamman a gefe ba, a cika mazubai masu milimita 150, a rubuta kwanan wata da ɓangaren ginin, a jiƙa su a ruwa, a murƙushe wasu a kwana 7, wasu a kwana 28. Na kwana bakwai yakan kai kusan kashi biyu bisa uku na ƙarfin ƙarshe. In ya gaza haka sosai, ka tsayar da ɗora nauyi tun a lokacin, kada ka zauna jiran kwana 28.

Mu 'yan lantarki fa?

Naku ha'incin ba ya rushe gini, ƙona shi yake yi. Waya mai kaurin milimita mai murabba'i 1.5 ta fitilu ce, soket yana buƙatar 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da ta dafa ruwa suna buƙatar nasu layin. In aka ja 1.5 aka kare ta da makatsin wuta mai amfiya 32, wayar za ta narke a cikin bango makatsin bai motsa ba. Ka kankare bakin waya ka gani, domin akwai alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, kuma abin da alminiyam ke ɗauka bai wuce kashi 60 cikin ɗari da ɗan kai na jan ƙarfe ba. Wayar ƙasa da aka bari a rataye ba a kai ta ƙasa ba, da rashin na'urar katse wuta mai miliyamfiya 30 a layin banɗaki da kicin, su ne ke kashe mutum da hannu a jiƙe.

Ogana ya ce in sa hannu a aikin da na san bai yi ba. Me zan yi?

Da farko ka tabbatar. Sake awo, sake lissafi, nuna wa wani injiniya da ka yarda da shi. Sabon injiniya yana iya kuskure, kuma wani lokacin ogan ya san abin da ba ka sani ba.

In ka tabbata, same shi shi kaɗai, ba a gaban leburori ba. Girmama na gaba ba ya hana faɗin gaskiya, yana tsara yadda za a faɗe ta ne. "Yallaɓai, zane ya ce 16, na auna na ga 12, ga hoton. Ko akwai sabon lissafin da ban gani ba?" Ka zo da mafita da kuɗinta: a ƙara sanduna kaza, zai ci kaza, zai ja kwana biyu. Mutane da yawa suna sauka in aka ba su hanyar sauka ba tare da kunya ba.

In ya ƙi, rubuta. Gajeriyar wasiƙa ko imel mai kwanan wata: abin da ka gani, abin da zane ya ce, haɗarin, shawararka. Ban da zagi, ban da zargin sata, alƙaluma kawai. Shigar da shi a littafin wurin aiki, ka ajiye kwafi a inda ba kamfani ke riƙe da shi ba. Sannan kada ka sa hannu. Daga nan sai mai ba da shawara a kan aikin ko mai aikin kansa. In rai yana cikin haɗari kuma duk sun toshe kunne, sai hukumar kula da gine-gine ta jihar, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, da ofishin COREN.

A daren 27 ga Janairu 1986, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol na Amurka, wanda ya ƙera rokokin kumbon, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun ce kada a harba kumbon Challenger, domin zoben roba da ke toshe mahaɗin rokar yana sandarewa a sanyi, kuma ba a taɓa harbawa a ƙasa da kimanin digiri 12 ba. A tsakiyar taron aka ce wa shugaban sashen injiniya ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Ya sa. Washegari aka harba cikin sanyin da ya kusa daskarar da ruwa, bayan daƙiƙa 73 kumbon ya tarwatse da mutum bakwai. Wannan maganar ta hula za a faɗa maka ita ma, da wasu kalmomin.

Janyewa daga aikin bai wadatar ba?

Yana wanke sunanka, ba ya tsayar da ginin. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutum fiye da 40, har da mai ginin. Bayan faɗuwarsa wata wasiƙa ta fito mai ɗauke da kwanan watan Fabrairu 2020, inda kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya janye, yana cewa ba a ba shi sakamakon gwajin kubik na matakan ginin ba. Fiye da wata ashirin ke tsakanin wasiƙar da ruftawar, kuma bayan wasiƙar an ci gaba da ɗora hawa. Ra'ayinmu shi ne, in dalilin janyewarka haɗari ne ga rai, kwafin wasiƙar ya isa hukuma a ranar da ka rubuta ta.

"Umarni aka ba ni" zai kare ni a gaban shari'a?

Ba zai kare ka ba. A 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya sa wa motocin dizal kusan miliyan 11 manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, a kan titi kuma ta sake shi. James Liang injiniya ne, ba shi ne mai kamfanin ba, kuma ya ba masu bincike haɗin kai. Duk da haka kotu a Amurka ta ɗaure shi wata 40 a 2017.

Ɗan kwangila ya ba ni "na goro" ko ragon Sallah. Cin hanci ne?

Tambayi kanka abu biyu. Da ba ni ke duba aikinsa ba, zai ba ni? Zan iya faɗa a gaban mai aikin? Ruwan sanyi da abincin rana a wurin aiki karamci ne. Ambulan a ranar da za ka tantance aikin da za a biya shi, toshiyar baki ce ko da wane suna aka kira ta. Ragon ya fi ambulan haɗari, domin ba ya neman komai a yau, sai bayan wata uku ka ga bakinka ya yi nauyi a kan kwalbatin da ya tsage. Mayar da kyauta yana da wuya a al'adarmu, shi ya sa ya fi sauƙi ka sanar tun ranar farko cewa ba ka karɓa daga kowa. Haka kason da mai sayar da rodi ko tayil zai ba ka don ka tura masa ciniki: kuɗin mai gini ne aka zagayo da shi.

Ɗan'uwana yana neman kwangilar da nake cikin masu tantance ta.

Ka faɗa a rubuce, ka fita daga kwamitin, kada ka nuna masa farashin wasu. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta hana irin wannan cin ta gefe biyu. Shi ma ka taimake shi, domin in ya ci da gaskiyarsa ba mai cewa kai ka ba shi.

Na gano kuskure a aikina bayan an gama, ba wanda ya sani.

Faɗa, yau. A 1978, shekara ɗaya da kammala benen Citicorp mai hawa 59 a New York, tambayar wata ɗaliba mai rubuta firojet, Diane Hartley ta jami'ar Princeton, ta taɓo batun iskar da ke bugun gini ta kusurwa. Injiniyan ginin, William LeMessurier, ya sake lissafi, ya kuma gano cewa mahaɗan da ya tsara a yi musu walda an ɗaure su da noti ne a lokacin gini. Haɗuwar abubuwan biyu tana nufin guguwa mai ƙarfi za ta iya kayar da benen. Ya je da ƙafarsa ya gaya wa masu ginin. Aka shafe watanni ana walda faranta masu kauri a kan mahaɗai fiye da 200 cikin dare. Abin da za a iya zarginsu da shi shi ne an ɓoye wa jama'ar unguwar girman haɗarin, labarin bai fito ba sai 1995.

Kafin ka je, shirya abu uku: mene ne kuskuren, me zai iya jawowa, me za a yi yanzu-yanzu, kamar tokare dekin ko fitar da mutane, kafin gyara na dindindin.

An kawo mini aikin da ba fannina ba, ga shi ina buƙatar kuɗin.

Injiniyan lantarki ba ya tsara fandisho, na gini ba ya tsara wayoyin asibiti. Ko a cikin fanninka, wanda bai taɓa wuce bene mai hawa biyu ba kada ya fara da mai takwas shi kaɗai. Nemo wanda ya iya, ku yi tare, ku raba kuɗin, mai aikin ya san wa ya yi me.

In na ƙi, za a kore ni, wani kuma ya sa hannun. Me na ƙara?

Yana iya faruwa, ba za mu ɓoye maka ba. Aiki yana da wuyar samu, kuma akwai iyaye da ƙanne da ke jiran albashinka. Amma ƙin sa hannun mutum ɗaya mai rubutacciyar hujja yakan sa na biyun ya ji tsoro, domin yanzu akwai takardar da za ta nuna an yi gargaɗi. A ranar 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos ana tsakiyar karatu, mutum 22 suka rasu, mafi yawansu yara. Irin waɗannan ne ke ƙarƙashin abin da ake cewa ka sa wa hannu.

Ka rage wa kanka rauni tun kafin ranar. Tara abin da zai riƙe ka wata uku ba albashi. Yi rajista da zarar shekarunka sun cika, ka riƙa halartar taron reshen NSE na garinku don ka san manyan da za ka iya kira. Riƙe littafinka na kanka, mai kwanan wata, na abin da ka gani da abin da ka faɗa. Kuma a ranar da ake tantance ka don ɗaukar aiki, kai ma ka yi tambaya: a wane ɗakin gwaji kuke murƙushe kubik, kuma wa ke da ikon tsayar da zuba kankare in rodi bai cika ba?